Ɗakin Shirwa a Kogon Kuka

A wani daji da ke bayan wani kogi, akwai wata tsohuwar kuka wadda cikinta ya rarake tun kafin a haifi kakan kowa. Shekara da shekaru ba mai shiga kogonta sai jemagu da macizai masu neman sanyi. Sai wata damina hawainiyoyi suka ɓullo, ba a san daga ina ba, suna tafe sannu-sannu kamar yadda suka gada, ɗari bayan ɗari, har suka haura dubu. Suka shige kogon, suka jera kansu a jikin bango kafaɗa da kafaɗa, daga ƙasa har inda ido ke ƙarewa. Bayan kwana bakwai suka aika a gaya wa dabbobi cewa kowa ya zo ya gani.

Abin da aka gani a ciki, baki ba ya iya kai shi, sai dai a kwatanta. Kowace hawainiya ta riƙe ɗigo ɗaya na launi. Wannan ta yi kore, ta kusa da ita ta yi shuɗi, ta gaba ta yi ruwan ƙasa, sai kawai bango ya ɓace, fadama ta tsaya a gabanka da ciyawarta tana kaɗawa. Allah ya ba hawainiya idanu biyu da ba sa bin juna, to sai kowacce ta ɗora ɗaya a kan maƙwabciyarta, ɗayan kuma a kan wanda ya hau dutsen da ke tsakiyar ɗaki. In ya karkata dama, duniyar bangon ta karkata dama. In ya yi tsalle, ƙasa ta yi masa nisa. Giwa da kanta, da ba ta iya shiga, ta sa ido ɗaya a wata kafa ta leƙa, ta wuni a tsaye ba ta ci komai ba.

Ɗaki uku ne a kogon, wani bisa wani. Na ƙasa na tsintar tsaba ne, inda ƙananan yara ke bin ƙwayoyin gero masu gudu suna dariya. Na tsakiya na tsere ne. Na sama kuwa, can kusa da rassa, shi ake kira Ɗakin Shirwa, domin duk wanda ya hau dutsensa shi ne shirwa. Zai buɗe fukafukai, ko hannuwa in ba shi da su, ya yi shawagi bisa daji, ya zaɓi ɗan tsakon da ya ga dama, ya kawo sura.

A dajin nan akwai wata jar kaza mai suna Tabawa. Ba 'yar daji ba ce, daga kwandon wani ɗan kasuwa ta faɗo, ta ga ba wanda ya dawo nemanta, ta gode wa Allah ta yi zamanta. A gidan da ta fito ta yi ƙyanƙyasa uku, shirwa ta raba ta da fiye da rabin 'ya'yan, ɗaya bayan ɗaya, a kan idonta. Wata rana tana tona a cikin ciyawa ta tsinci ƙwai guda, wanda wata zabuwa mai suna Yalwa ta saka ta yi gaba. Tabawa ta kwanta a kansa kwana ashirin da takwas, mako guda fiye da na kaza, har gashin ƙirjinta ya zube. Da ɗan ya fito, ta sa masa suna Mantau, ta kuma so shi irin son da ake yi wa abin da aka samu bayan an fid da rai.

Karatu ɗaya ta koya masa, ta kuma maimaita shi safe da yamma. In inuwa ta gilma a ƙasa, ya lafe nan take, kada ya ɗaga kai, kada ya tambaya ta mece ce. In kuma ya ji kukanta na gargaɗi, ya faɗa ciyawa mafi kusa. Mantau ya haddace har ya wuce gona da iri, inuwar malam-buɗe-littafi ma sai ya baje a ƙasa. Sauran iyaye suna yi mata dariya, ita kuwa ko a jikinta, kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa.

Ba a yi wata biyu da buɗe kogon ba, iyaye suka fara kuka. Aka kira Majalisar Iyaye a gindin tsamiya, Kunkuru, wanda ya fi kowa shekaru, ya shugabanci zama. Ya miƙo wuya ya ce, "Jama'a, an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na ga damina ɗari da 'yan kai, ban taɓa ganin shekarar da uwa za ta kira ɗanta cin abinci ya ce ta jira ya mutu a wasan tukuna ba. Ɗan barewa ya daina kiwo. Ɗan kurege ya manta inda ya binne gyaɗarsa. Wanda ya fi damunmu kuwa shi ne ɗakin sama, inda yaron da bai gama gashi ba yake koyon kisa. Ba mun taru don mu rushe kuka ba ne, don ni kaina na leƙa sau ɗaya, ban fito ba sai da rana ta karkata. Mun taru ne mu sa mata ƙofa."

Aka ba Babbar Hawainiya dama. Kafin ta iso gaban taro wasu har sun yi gyangyaɗi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, kowa ya san mu ba mu da launin kanmu. Abin da mai kallo ya tsaya a kai shi muke riƙewa, abin da ya kawar da kai daga gare shi mu sake shi. Mun taɓa gwada ɗakin koyon ladabi. Kwana goma muna tsaye cikin launi mai kyau, ba wanda ya shigo sai wata tsohuwar gafiya da ta zo fakewa ruwa. Ku sa ƙofa, mu ma muna so. Mu ma muna da 'ya'ya, kuma ba ma barin su su hau sama."

Zomo ne ya kawo dabarar da aka karɓa. Ya ce ba wanda ya fi uwa sanin ɗanta, saboda haka a bar hukunci a hannun uwa. Yaron da ke son hawa sama ya zo da gashi ɗaya daga jikin uwarsa, mai gadi ya gwada da na jikin yaron, in launi ya zo ɗaya, uwa ta yarda ke nan. Uwar da ba ta so ɗanta ya hau, ita ma ta kawo gashinta a gwada, a rufe masa. Ya ƙare da cewa baki yana ƙarya, gashi ba ya yi. Taro ya ɗauki sowa. Aka naɗa Bushiya mai gadi, don in ta dunƙule a bakin matakala ba mai gigin ture ta. Tabawa tana can baya, ita ma ta kaɗa fukafukai tare da kowa, ta koma gida da farin ciki.

Bayan mako uku suna kiwo ita da Mantau a bakin fadama, sai inuwar hankaka ta gilma ta kansu. Tabawa ta juya don ta ga ɗanta a lafe, sai ta gan shi tsaye ƙyam, wuya a miƙe, yana bin hankakan da ido. Ya ce mata wai hankakan nan bai iya kwana ba, yana sakin fiffiken hagu da wuri. Ta tsare shi da tambaya, bai ma ɓoye ba, ya ce kullum yana hawa ɗakin sama, da gashin zabuwa yake shiga, kuma a cikin sa'o'insa ba wanda ya kai shi iya sura.

Ba ta jira gari ya waye sau biyu ba. Ta tsige gashi daga fiffikenta, mafi kyau a ciki, ta kai wa Bushiya ta ce a rufe wa Mantau ɗakin sama. Bushiya ba muguwa ba ce, ma'aikaciya ce mai tsoron a ce ta yi kuskure. Ta kira yaron, ta kara gashin a jikinsa, ta duba ta wannan gefe, ta duba ta wancan. Sannan ta ce, "Inna Tabawa, ni na san ke kika rene shi, duk dajin nan an sani. Amma gashinki ja ne, nasa mai zane ne. In na rufe masa da wannan, gobe dila zai zo da nasa ya ce shi ne uban ɗan zomo. Ki nemi mai zane ta zo da kanta, ko yanzu ta zo in rufe."

Tabawa ta nemi Yalwa, ta same ta tana birgima cikin ƙasa mai laushi. Yalwa mace ce mai fara'a, ba ta taɓa faɗa da kowa ba, kuma a daminar nan kaɗai ta saka ƙwai ya fi arba'in a wurare daban-daban. Ta saurari Tabawa da kyau, ta jinjina kai, ta tambaya wanne ne a cikinsu. Da aka kwatanta mata shi, ta ce ai duk haka suke. Ta yi alkawarin za ta je wurin Bushiya da zarar ta sami sarari, kuma daga ranar ba za ta ƙara ba kowane yaro gashi ba. Tana cikin rantsuwar ta miƙe ta girgije jikinta, gashi ya watsu a ƙasa, wasu 'yan zabi biyu da ke rakuɓe suka tsinci nasu suka ruga. Sararin kuwa bai samu ba.

Da majalisa ta sake zama, Tabawa ta nemi izinin magana. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni baƙuwa ce a dajin nan, ban iya magana a gaban manya ba. Ɗan nan ban haife shi ba, ban taɓa cewa na haife shi ba. Amma ni na ji motsinsa a cikin ƙwai. Ni na san kukan yunwarsa daban da kukan tsoronsa. Ba cewa nake wasan zai mai da shi mugu ba, Mantau ko tururuwa ba ya takawa da gangan. Abin da nake tsoro shi ne, ɗan tsako ba shi da ƙaho, ba shi da farce, ba shi da gudu. Tsoro kaɗai Allah ya ba shi ya kare kansa, kuma ɗakin nan ya karɓe masa shi. Yanzu in inuwa ta gilma, ɗaga kai yake yi. Ban roƙi a rufe wa ɗan kowa ba. Nawa kaɗai nake roƙo a bar ni in rufe wa."

Wasu iyaye mata suka sunkuyar da kai. Kunkuru ya ce maganarta ta shiga jikin kowa, kuma ɗa na kowa ne. Sai dai doka ba riga ba ce da za a yanka wa kowa daidai jikinsa, in aka buɗe wannan kafa ba a san abin da zai biyo ta ba. Ya ce za a kafa kwamiti ya duba matsayin iyayen da launinsu ya saɓa da na 'ya'yansu, aka kuma ɗora Dodon-koɗi a kan shugabancinsa saboda an san shi da natsuwa. Zomo ya yaba wa majalisa bisa saurin ɗaukar mataki.

A hanyar gida Mantau ya matso kusa da ita, don yaron yana son ta, kuma ya ga ranta a ɓace. Ya ce, "Inna, ba ki gani ba ne. Da kin gani sau ɗaya, da kin daina tsoronta." Tabawa ta juya maganar a ranta. Ƙofa ta gagare ta, majalisa ta gagare ta, abin da ya rage mata shi ne bakinta, kuma ba ta iya jayayya da yaro a kan abin da ba ta taɓa gani ba. Manya ba a tambayarsu gashi. Washegari da hantsi ta hau matakalar, Bushiya ta matsa mata.

Ɗakin ya yi duhu, sai wani siririn haske da ke saukowa ta kafar reshe. Ta hau dutsen, ta ji idanu dubu sun juyo kanta. Ta buɗe fukafukanta, waɗanda ba su taɓa ɗaga ta sama da kan danga ba. Sai bango ya waye. Ƙasa ta sulale daga ƙarƙashinta, tsamiyar majalisa ta koma ɗan ƙullin ganye, kogin ya zama zare mai walƙiya, ga garken ɓauna can kamar an watsa wake a faifai. Ta karkata kaɗan, daji gaba ɗaya ya juya mata. Ta ga bayan kogi, ta ga bayan bayansa, ta ga inda hadari ke haɗuwa tun bai zo ba. Tabawa ta yi shekarunta duka tana kallon abin da ke gaban bakinta, ba ta taɓa sanin duniyar Allah tana da faɗi haka ba. Hawaye suka zubo mata, ba na baƙin ciki ba.

Sannan ta hangi 'yan tsaki a wani fili, ƙanana, suna bin uwarsu. Ba ta yi niyya ba, fiffikenta na dama ne ya ɗan naɗe, sai duniya ta tsaya cak na ƙiftawar ido, ta kife, ta taho mata a guje. Iska ba ta motsa a ɗakin ba, amma ta rantse ta ji ta a fuskarta. Ba ta taɓa jin daɗi irin na wannan faɗowar ba, kuma sanin hakan ya ba ta kunya ƙwarai. Ta rufe fukafukanta kafin ta kai ƙasa, ta diro daga dutsen, ta fito. Ta yi niyyar yi wa Mantau dogon wa'azi a ranar, amma da ya tambaye ta yaya ta gani, abin da ta iya cewa kawai shi ne Allah mai iko.

Kwana huɗu bayan haka, da rana tsaka, suna kiwo a filin da ke gaban fadama. Sama tas, ba ko gajimare. Mantau ya ɗan yi nisa da ita yana bin fara, tsakaninsa da ciyawa bai fi taku goma ba. Inuwa ta gilma.

Tabawa ta san inuwar, ta san ta fiye da kowa a dajin. Duk rayuwarta kukan gargaɗi yakan fita daga maƙogwaronta tun kafin ta yi tunani. A ranar sai ta ɗaga kai. Ga shirwa can ƙololuwa, ta shimfiɗa fukafukai ba ta kaɗa su, rana tana bi ta cikin gashinta. Ta naɗe na dama kaɗan, ta tsaya cak, ta kife. Tabawa ta gane wannan tsayawar, jikinta ya tuna daɗinta, ta bi ta da ido baki buɗe. Numfashi ɗaya ne tak. Da kukan ya fito, ya fito da dukkan ƙarfinta, ta ruga da fukafukai a baje, amma shirwa ta riga ta iso. Mantau yana tsaye, wuya a miƙe, fuskarsa cike da sha'awa, har lokacin da aka fyauce shi.

Ta bi su a ƙasa tana kuka har bakin kogi, inda ƙafa ba ta wucewa. Ta tsaya tana kallo har suka zama ɗigo, ɗigon ma ya ɓace. Abin da ya fi ci mata rai ba ta gaya wa kowa ba, ba kuma wanda ya tambaye ta. Ta san tsawon taku goma, ta san tsawon numfashi ɗaya, ta wuni tana gwada su da juna a zuciyarta, kowane gwaji yana fita iri ɗaya.

Majalisa ba ta yi sakaci ba. Washegari ta tashi tawaga ƙarƙashin Zomo, aka je aka yi wa Yalwa ta'aziyya. Yalwa ta karɓi gaisuwa da ladabi, ta yi hawaye na gaskiya, bayan an shafa addu'a ta tambayi na kusa da ita a hankali ko wanne ne. A hanyar dawowa tawagar ta wuce Tabawa a bakin kogi, suka yi mata sannu da rana. Daga nan aka binciki Bushiya, aka zazzage gashin da ta tara, aka gwada su ɗaya bayan ɗaya, ba a sami ko guda da ya saɓa ba. Aka yaba mata a gaban taro, Babbar Hawainiya ta yi launin alhini na tsawon wuni guda, Dodon-koɗi ya ba da sanarwar cewa kwamitinsa ya kusa fara zama.

Ƙofar tana nan har yau, ana ma zuwa daga wasu dazuzzuka a koyi yadda aka tsara ta, domin tun da aka kafa ta ba ta taɓa buɗe wa wani yaro ba sai da yardar uwarsa.